Kuɗin Kamfanonin Mai A Jami'o'i: In Baki Ya Ci, Ido Ya Ji Kunya

Duk wanda ya daɗe yana zama a kasuwar shanu ta Agege, ko a rumfunan goro na Shagamu, ya san wata ƙa'ida wadda ba a rubuta ta a ko'ina ba, amma kowa yana kiyaye ta. Dillali ya ci la'adarsa a fili, wannan guminsa ne, ba mai cewa uffan. Amma ranar da aka gane mai saye ya riga ya ja shi gefe ya cusa masa wani abu a aljihu tun kafin a fara tayi, to, daga ranar nan maganarsa ta zube, ko da kuwa kuɗin da ya sallama a kai shi ne gaskiyar kuɗin dabbar. Mai dukiya ba zai sake miƙa masa igiya ba.

Irin wannan ce take faruwa yau a manyan jami'o'in duniya, sai dai abin da ake ciniki a kansa ya fi sa, ya fi huhun goro, nesa ba kusa ba. Kamfanonin man fetur da iskar gas, watau waɗanda hajarsu ce take haddasa ɗumamar duniya, su ne kuma suke zuba maƙudan kuɗi a cibiyoyin jami'o'i masu binciken wannan ɗumama da hanyoyin magance ta. Malaman da ake jira su gaya wa duniya gaskiyar ciwon da maganinsa, wani kaso na kuɗin aikinsu daga aljihun mai haddasa ciwon yake fitowa. Hausawa kuwa sun ce in baki ya ci, ido ya ji kunya.

Mai karatu da ke zaune a Sabo ta Badun, ko Idi-Araba, ko Fatakwal, yana iya cewa ina ruwan biri da gada, ai maganar Turawa ce da makarantunsu. To, a yi haƙuri a bi zancen zuwa ƙarshe, za a ga ya shafi gonar da ya baro a gida, ya kuma shafi iskar da yake shaƙa a nan Kudu.

MENE NE CIWON?

Idan aka ƙona fetur, ko gas, ko kwal, akwai wata iska da ake kira kabon wadda take tashi ta taru a sararin sama, ta zama kamar bargo, tana riƙe zafin rana ba ta barinsa ya fita. Shekarar 2024 ta fi duk shekarun da suka gabace ta zafi tun da aka fara ajiye lissafi, har ta ɗara zamanin da ba a fara manyan masana'antu ba da misalin digiri ɗaya da rabi. Nahiyar Afirka gaba ɗayanta, abin da take fitarwa na wannan hayaƙi bai kai kashi 4 cikin 100 ba, amma tana cikin waɗanda suka fi jin jiki.

Mutanen Arewa ba sa bukatar a yi musu dogon bayani a kan abin da rikicewar damina ke jawowa. Dattawa ba su manta da farin 1973 da na 1984 ba, waɗanda suka kori iyalai da yawa zuwa Kurmi, wasu har yau ba su koma ba. Na baya-bayan nan kuwa da ruwa ya zo. A ambaliyar 2022 mutum fiye da 600 suka rasu a ƙasar nan, fiye da miliyan ɗaya suka rasa matsuguni, kuma wata ƙungiyar masana ta ƙasashen duniya da ta auna al'amarin ta ce ɗumamar duniya ta ninka yiwuwar samun irin wancan ruwan sama kamar sau 80. A watan Satumba na 2024 madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle ta cinye wani babban yanki na Maiduguri. A ƙarshen watan Mayu na 2025 ruwa ya auka wa Mokwa, garin da duk direban da ke bin hanyar Ikko zuwa Arewa ya sani, ya kashe mutum fiye da 150.

Manomin da ke Gumel ko Illela yana bukatar wanda zai gaya masa gaskiya a kan yadda damina za ta kasance nan da shekara ashirin, da irin da ya kamata ya shuka. Gwamnati kuma tana bukatar wanda zai gaya mata inda ya kamata ta sa kuɗinta. Wannan aikin jami'a ne. Shi ya sa tambayar wa ke biyan jami'a ta zama babba.

SUN SANI TUN DA DAƊEWA

Kafin a yi wa kowa hukunci, ya kamata a duba tarihinsa. A shekarar 1977 wani babban masanin kamfanin Exxon na Amurka, mai suna James Black, ya tsaya gaban shugabannin kamfanin ya bayyana musu cewa ƙona mai yana ɗumama duniya. Kamfanin bai yi wasa da maganar ba. A 1979 ya ɗora na'urori a kan wani katafaren jirgin ruwansa na dakon mai, Esso Atlantic, don auna kabon a iska da cikin teku, masanansa kuma suka yi ta lissafin abin da zai faru nan gaba. 'Yan jarida ne suka tono waɗannan takardu a 2015. A 2023 wasu masana uku, Geoffrey Supran da Stefan Rahmstorf da Naomi Oreskes, suka gwada lissafin da Exxon ya yi tsakanin 1977 da 2003 da abin da ya faru a zahiri, suka tarar masanan kamfanin sun hango ƙarin zafi na misalin digiri 0.2 a kowace shekara goma, kuma haka ɗin aka gani.

To, me kamfanin ya gaya wa jama'a? A 1997 shugabansa na lokacin, Lee Raymond, ya tsaya a wani babban taron masu mai a birnin Beijing na ƙasar Sin yana jefa shakka a kan ko duniya tana ɗumama ma, yana kuma jan kunnen ƙasashe masu tasowa kada su yarda a taƙaita musu ƙona mai. A 1998 wata takardar shiri ta ɓulla daga ƙungiyar kamfanonin mai ta Amurka, inda aka tsara cewa nasara ita ce talaka ya ɗauka masana ba su da tabbas a kan al'amarin, aka kuma ba da shawarar a nemo masana waɗanda ake ganin ba su da alaƙa da kamfani su riƙa magana da 'yan jarida. Ashe tun a lokacin an gane cewa bakin malami ya fi bakin ɗan kasuwa tsada.

Wannan dabara ba su suka fara ta ba. A 1954, da likitoci suka fara danganta taba sigari da ciwon dajin huhu, kamfanonin taba na Amurka suka kafa kwamitin bincike nasu, suka yi shekaru suna raba wa malaman jami'o'i kuɗi. Yawancin binciken da suka biya ba ƙarya ba ne. An bincika gado, an bincika ƙwayoyin cuta, an bincika gurɓatar iska, an bincika kome da kome in ban da abu ɗaya da kamfanonin ba sa son a taɓa. Da asiri ya tonu, makarantun likitanci da yawa suka haramta wa kansu karɓar kuɗin taba.

ABIN DA AKA ZUBA

A shekarar 2000 kamfanin BP na Ingila da kamfanin motoci na Ford suka ba Jami'ar Princeton dala miliyan 20 don kafa shirin binciken rage kabon, BP kuma ya ci gaba da ɗaukar nauyin shirin fiye da shekara ashirin. A 2002 Jami'ar Stanford ta buɗe wani shiri na yanayi da makamashi da alkawarin dala miliyan 225, wanda ExxonMobil shi kaɗai ya ɗauki miliyan 100, sa'an nan ya riƙa ambaton sunan jami'ar a tallace-tallacensa. A 2007 BP ya yi alkawarin dala miliyan 500 a cikin shekara goma ga Jami'ar Kalifoniya ta Berkeley da abokan aikinta don binciken man da ake samu daga tsirrai. A Ingila kuwa, wata cibiya ta Jami'ar Cambridge ta yi shekara fiye da ashirin tana ɗauke da sunan BP kafin a sake mata suna. Wani lissafi da aka fitar a 2023 ya nuna kamfanonin mai shida sun ba jami'o'in Amurka 27 kusan dala miliyan 700 tsakanin 2010 da 2020, kuma wannan abin da aka iya ganowa ne kawai, don jami'o'i da yawa ba sa bayyanawa.

Ba wanda yake ba da irin wannan dukiya don neman lada kawai. Ruwa ba ya tsami banza. A watan Afrilu na 2024 wasu kwamitocin majalisar dokokin Amurka suka fitar da rahoto tare da wasiƙun cikin gida na kamfanonin, waɗanda suka nuna ma'aikatansu suna kallon hulɗa da jami'o'i a matsayin hanyar samun mutunci a idon jama'a da kuma samun shiga wurin masu mulki.

YADDA KUƊIN YAKE AIKI

Kada a ɗauka ana kiran farfesa ne a ɗaki a ce masa ga kuɗi, rubuta ƙarya. Akwai dai abin da ya yi kusa da haka. A 2015 aka gano wani masani mai suna Willie Soon, na wata cibiya mai alaƙa da Jami'ar Harvard, wanda ya yi suna wajen cewa rana ce take ɗumama duniya ba hayaƙi ba, ya karɓi fiye da dala miliyan 1.2 daga masu mai da kwal a cikin kimanin shekara goma, bai kuwa bayyana haka ba a yawancin maƙalun da ya buga. Amma irin wannan kaɗan ne, kuma da wuya a ɓoye shi har abada.

Babbar hanyar ta fi wannan laushi. Mai kuɗi shi yake zaɓen tambaya. A 2010 wata marubuciya, Jennifer Washburn, ta samo yarjejeniyoyi goma da aka ƙulla tsakanin manyan jami'o'in Amurka da kamfanonin makamashi, ta ba lauyoyi suka duba. A guda takwas daga cikin goman, kamfani yana da ikon tantancewa da zaɓen binciken da za a ba kuɗi. Malami mai son ya bincika yadda za a kama hayaƙi a binne shi a ƙarƙashin ƙasa don a ci gaba da haƙar mai, zai sami kuɗi da ɗalibai da na'urori. Abokinsa mai son ya bincika yadda za a rage haƙar man, ko yawan mutanen da hayaƙin matatar mai ke kwantarwa a asibiti, sai ya yi ta yawo da takardarsa. Ba wanda ya hana shi, ba kuma wanda ya ba shi. Bayan shekara goma sai a duba laburare a ga littattafai ɗari a kan tambayar farko, biyar a kan ta biyu, sa'an nan a ce ai ga inda ilmi ya karkata.

An ma auna wannan karkata. A 2022 wasu masana uku na Jami'ar Columbia suka tattara rahotanni 1,706 daga cibiyoyin makamashi na jami'o'i 26, suka duba irin kalmomin da ake amfani da su. Suka tarar cibiyoyin da suka dogara da kuɗin masu mai, watau na MIT da Harvard da Stanford, sun fi yabon iskar gas a kan wutar rana da ta iska, alhali sauran cibiyoyin da ba su dogara da wannan kuɗi ba sun fi karkata ga rana da ruwa. Wannan kuwa ba ƙaramin abu ba ne. Rahoton da cibiyar MIT ta fitar a 2011, wanda ya kira gas gadar da za a bi a haye zuwa makamashi mai tsabta, wata gidauniya ta masu haƙar gas tana cikin waɗanda suka biya kuɗinsa, kuma shugaban cibiyar, Ernest Moniz, shi ya zama ministan makamashi na Amurka a 2013. Maganar da aka ƙulla a ɗakin bincike takan ƙare a teburin minista.

HUJJAR MASU KARƁA

Adalci ne a ji ta bakin ɗaya ɓangaren. Shugabannin jami'o'in da ke karɓa suna cewa kamfanonin nan su suke da injiniyoyi da bututu da sanin ƙarƙashin ƙasa, ba yadda za a canja hanyar samar da makamashi a duniya ba tare da su ba. Suna cewa gara kuɗin ya shiga ɗakin bincike da ya tafi haƙar sabuwar rijiya. Suna kuma nuna ayyuka masu kyau da aka yi da shi, alal misali maƙalar da malaman Princeton biyu, Stephen Pacala da Robert Socolow, suka buga a 2004, wadda ta nuna ana iya fara rage hayaƙi da fasahar da ake da ita a hannu ba sai an jira wata sabuwa ba. Wannan gaskiya ce.

Saboda haka jami'o'in kansu sun rabu. A watan Maris na 2022 malamai fiye da 500 suka sa hannu a wata wasiƙa suna neman jami'o'in Amurka da Ingila su daina karɓar kuɗin masu mai don binciken yanayi. A shekarar nan Princeton ta yanke hulɗa da kamfanoni 90, har da ExxonMobil, amma a 2024 ta sassauta, ta buɗe ƙofa ga binciken da aka ce don gyaran muhalli ne. Wata jami'a ta birnin Amsterdam a ƙasar Holan ta yanke a 2023 cewa ba za ta yi bincike da kamfanin da bai nuna yana bin yarjejeniyar Faris ta 2015 ba. Stanford kuwa, duk da kyautar dala biliyan 1.1 da wani attajiri da matarsa suka ba ta a 2022 don kafa makarantar kare muhalli, ta ƙi rufe ƙofarta ga masu mai. In mai biliyan bai iya kau da kai ba, ina ga mai jiran albashi?

ABIN DA YA CI DOMA

A nan ne zancen ya iso gida. Jami'o'in Nijeriya a yunwace suke. A 2022 malamansu sun yi wata takwas suna yajin aiki. Tun a 1980 shugabannin Afirka suka taru a nan Ikko suka amince kowace ƙasa ta kai ga kashe kashi ɗaya cikin ɗari na arzikinta a kan kimiyya da bincike, har yau Nijeriya ba ta kai ko rabin haka ba. A irin wannan hali, duk wanda ya zo da janareta da na'urar awo da kuɗin tafiya taro, ya zama uban gida.

Kamfanonin mai kuwa sun daɗe da shiga. Shell ya kafa kujerun farfesa a jami'o'i da dama, ya tallafa wa cibiyar ilmin ƙasa da haƙar mai a Jami'ar Benin, da cibiyar kula da muhalli a reshen Jami'ar Nijeriya da ke Inugu. Total yana cikin waɗanda suka kafa cibiyar nazarin man fetur a Jami'ar Fatakwal. A 2014 kamfanin gas na NLNG ya ware dala miliyan 12 don gina ɗakunan gwaji na injiniya a jami'o'i shida, dala miliyan biyu-biyu, cikinsu har da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Jami'ar Maiduguri. Ba a ce wani daga cikin malaman nan ya sayar da alƙalaminsa ba, kuma ɗalibai da yawa sun amfana. In kamfanin mai ya biya don a koyar da haƙar mai, wannan ciniki ne a fili, kowa ya san abin da aka saya. Inda gizo ke saƙa shi ne wurin awon ɓarna, watau ranar da ake son a san nawa ya zuba, wa ya sha, wa zai biya.

A duba abin da ya faru a garin Bodo na ƙasar Ogoni. A 2008 bututun Shell ya fashe sau biyu. Kamfanin ya ce abin da ya malala duka bai wuce ganga 4,000 ba. Ƙungiyar Amnesty ta kai hotunan wurin ga wasu masana na waje, suka ce fashewar farko kaɗai ta haura ganga 100,000. Sai da masunta suka kai ƙara har Landan kafin kamfanin ya amsa cewa lissafinsa ya yi ƙasa, a watan Janairu na 2015 ya yarda ya biya fam miliyan 55. Shekara shida ana ja-in-ja a kan mudu, don mudun yana hannun wanda ake tuhuma. Da akwai ɗakin gwaji na jami'a kusa, mai kayan aiki, wanda ba ya cin tuwon kowa, da masuncin Bodo bai sha wannan doguwar wahala ba.

Haka nan dokar 1979 ta sa ranar 1 ga Janairu 1984 a daina ƙona gas a rijiyoyin mai, amma har yanzu Nijeriya tana cikin ƙasashe goma da suka fi ƙona shi a duniya. Mutanen Arewa masu sayar da albasa da tumatir da masu gadi da masu tura baro a Fatakwal sun ga baƙar tokar da ta fara rufe garin a ƙarshen 2016, sun share ta a kan tabarmarsu, sun gan ta a hancin 'ya'yansu. Ita toka ba ta tambayar mutum garinsu. Wanda zai auna abin da take yi wa huhu, ya faɗi daga ina ta fito ba tare da tsoro ba, shi ma lauyan ɗan ci-rani ne ko bai san sunansa ba.

Kada kuma a ce wannan matsalar Kudu ce. A watan Nuwamba na 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da aikin mai na Kolmani a kan iyakar Bauchi da Gombe. Tun 2020 aka fara shimfiɗa bututun gas daga Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano. A watan Yuli na 2017 ma'aikatan sashen ilmin ƙasa na Jami'ar Maiduguri suna aikin neman mai na NNPC ne a yankin Tafkin Chadi lokacin da 'yan Boko Haram suka yi musu kwanton ɓauna kusa da Magumeri, aka rasa rayuka da yawa, Allah ya ji ƙansu. Watau jami'o'in Arewa sun riga sun shiga harkar. Idan gobe rijiyar wani ƙauye a Alkaleri ta fara warin mai, wa zai ɗebi ruwan ya auna? In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

INA MAFITA?

Cewa jami'o'in ƙasar nan su rufe ƙofa kamar ta Amsterdam magana ce mai daɗi a baki, amma wanda bai ci ba tun jiya ba a yi masa wa'azin azumi. Ban da haka, mai shi ne yake kawo mafi yawan kuɗin waje da ƙasar nan take samu, dubban direbobin tanka da ke kwana a Apapa da iyalansu a Arewa da shi suke ci. Kuɗin mai zai shiga jami'a ko ana so ko ba a so. Abin da ya rage shi ne ta wace ƙofa zai shiga.

Akwai misalai biyu da suka nuna hanya. Da rijiyar BP ta fashe a Tekun Meziko a 2010, da farko kamfanin ya nemi ya ɗauki malaman jami'o'in yankin haya bisa sharaɗin ba za su buga abin da suka gano ba sai bayan shekara uku. Wasu suka ƙi, magana ta fito fili, aka yi ca a kansa. Daga baya dala miliyan 500 da ya ware don binciken ɓarnar aka danƙa ta ga wani kwamitin masana mai zaman kansa, shi yake zaɓen wanda za a ba, kowa kuma ya buga sakamakonsa ba tare da neman izinin kamfani ba. Na biyu a nan gida ne. Binciken da hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi a ƙasar Ogoni, da kuɗin Shell aka yi shi, bisa ƙa'idar wanda ya ɓata shi ke biya. Mutane da yawa sun yi zargin za a wanke kamfanin ne. Amma da rahoton ya fito a watan Agusta na 2011, ya ce a Nisisioken Ogale mutane suna shan ruwan rijiya mai ɗauke da sinadarin benzin, mai jawo ciwon daji, ninki 900 a kan iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa, ya ce gyaran ƙasar zai ci shekara 25 zuwa 30, ya kuma ɗora wa kamfanin da gwamnati laifinsu. Kuɗin na kamfani ne, amma mudun yana hannun wani.

Ƙasar nan ma ta san wannan hanya. Gwagwarmayar malaman jami'a ce ta haifi harajin ilmi na 1993, wanda ya sa kamfanoni su ba da kashi 2 cikin 100 na ribarsu, abin da ya zama asusun TETFund a 2011. Kuɗin da aka karɓa a matsayin haraji ba ya sa ido jin kunya, don hakki ne aka karɓa, ba alfarma aka yi ba. Abin da ya kamata Gwamnatin Tarayya da Hukumar Jami'o'i ta Ƙasa su yi shi ne su ware wani asusu na binciken yanayi da gurɓatar muhalli, kamfanonin mai su zuba a ciki dole, malamai su yi takara a kansa, masana 'yan'uwansu su tantance, ba tare da wakilin kamfani ya zauna a teburin zaɓe ba.

Kafin a kai ga haka, akwai abin da kowace majalisar jami'a za ta iya yi ba tare da kashe ko kwabo ba. Ta buga sunan duk kamfanin da ya ba ta kuɗi, da adadin, da takardar yarjejeniyar, kowa ya gani. Ta ƙi sa hannu a duk yarjejeniyar da ta ba kamfani ikon hana buga sakamako ko jinkirta shi. Duk malamin da zai yi magana a rediyo, ko ya ba da shaida a kotu, ko ya ba gwamnati shawara a kan mai da muhalli, ya fara da faɗin wanda ya biya bincikensa. Wanda kuma yake karɓar kuɗin kamfani kada a sa shi awon ɓarnar wannan kamfanin.

Su ma jama'a suna da nasu. Sarakunan Hausawa na garuruwan Kudu, da ƙungiyoyin 'yan kasuwa da na direbobi, da iyayen da suke tara kuɗin goro da na gwari suna biya wa 'ya'yansu jami'a, suna da bakin da za su tambayi 'yan majalisar da suke zuwa neman ƙuri'a ina aka kwana a kan wannan. In kuma aka ji an ce wani bincike ya nuna hayaƙin nan ba ya cutarwa, ko gas shi ne maganin kome, to, a yi tambayar da ake yi a kara kafin a miƙa wa dillali igiya: wa ya sallame shi? In ya faɗa a fili, a saurare shi, a auna maganarsa. In ya yi ta kewaye-kewaye, mai dukiya ya san abin yi.

Allah ya ba da damina mai albarka, ya kiyaye na gida da na nesa.